Rumfar da Na Yi wa Baba da Bayana

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen tsire a wurina a unguwar Mansur ta Makka ya ji labarin battan. Wasu sun ji shi sau goma, kuma ba a taɓa samun ranar da tsawonsa ya zo daidai da na jiya ba. Ran da ciniki ya yi kyau nakan ce daga Safa zuwa Marwa ne. Ran da kasuwa ta mutu nakan rage shi, ya dawo kamar motar alhazai uku an jera. Battan shi ne sunan da masuntan Bahar Maliya suke kiran ƙaton kifin nan mai feso ruwa ta ƙoƙon kai, irin wanda aka ce mana a makarantar allo ya haɗiye annabi. Yau da na ɗauki alƙalami zan faɗi abin da ban cika faɗa a bakin wuta ba. Abin da na gani na jikinsa da idona, a kusa, bai fi faɗin faifai ba. Mahaifina ne ya jawo.

A shekarun alif ɗari tara da sittin ne, ina da wajen shekara takwas a Makka. Na zo Hajji da ƙuruciyata, na gama, na waiwayi hanyar gida na ga ta yi tsawo, na yi zamana. Ba ni da igama, wato takardar zama. Irinmu muna da yawa a unguwar. In ka hango askari sai ka tuna kana da uzuri a lungu. Wanda aka kama kuwa, sai Jidda, sai jirgi, sai gida.

Baba ya taso daga ƙauyenmu na ƙasar Gumel, shi da Inna, bayan tafiyata da shekara biyu. Ta ƙasa suka biyo, noma a nan, cirar auduga a can. Inna ta rasu a Sudan. Ya ci gaba shi kaɗai. Wata safiya cikin Sha'aban, ana sanyi, wani direban motar kifi da nake ajiye wa hanta ya tsaya a kaina, ya ce akwai wani tsoho Bahaushe a bukkar masunta kudu da garin Lis. Jirgin ruwa daga Sudan ya sauke su su da yawa, sauran sun bi jeji da ƙafa, shi ƙafafunsa sun kumbura ya kasa. Ba ya jin Larabci, kalma biyu yake ta maimaitawa: Mansur, tsire.

Na bar wa maƙwabcina wutar da naman, na bi motar. Fita daga Makka ba a cika tambayarka ba, shigowa ake tsarewa.

Na same shi zaune a kan buhu, ya rame kamar sandar kiwo, ƙafafu kuwa kowacce ta yi taɓarya. Na durƙusa na gaishe shi, hawaye na zuba. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ka yi ƙiba," in ji shi.

"Baba, hayaƙi ne ya kumbura ni."

"To. Ina ɗakin yake daga nan?"

Shekara shida yana tafe, abin da ya tambaya ke nan. Ɗakin Allah yake nufi. Na nuna masa arewa. Abin da ban gaya masa ba shi ne akwai shingen bincike biyu a kan titi tsakaninsa da ɗakin. Masu ƙafa sukan sauka su zagaye ta bayan duwatsu, shi kuwa ko bayan bukka sai an riƙe shi. In aka kama shi a nan, za a mayar da shi gida daga Jidda, bai ko hango hasumiyar masallacin ba. Kuma na dube shi na san ba shi da wata shekara shida a jikinsa.

Direban ne ya kawo shawara. Akwai mai jirgin kamun kifi da zai tashi arewa zuwa Shu'aiba, kwana biyu a ruwa. A can direban zai ɗauki kifi, kuma ya san wata hanyar burji da ke shiga Makka ba ta gaban kowa ba.

Mai jirgin kowa Rayyis yake ce masa, wato shugaba. Tsoho ne gajere, rana ta ƙone shi har ya fi ni baƙi, idonsa kullum a kanne. Shi da ƙannensa biyu suke aiki, su ma duk da furfurarsu. Ya ja ni gefe ya ɗaga yatsu uku. Takruni suke ce wa irinmu Takari.

"Takardar jirgina mutum uku ta ce, ya Takruni. Kai da babanka babu ku. In na buga ƙafa sau uku, ku faɗa ramin kifi, a ja muku tabarma, a ɗora taru. Ba tari, ba motsi."

Na ce na ji.

"Saura ɗaya." Ya nuna ƙunshin da ke cinyar Baba da haɓa. "Na san abin da ke ciki. Masunci ba ya sa fari. Fari a kan ruwa ana hango shi daga inda ba a hango jirgi. Sai kun taka ƙasa."

Na ce Baba ya riga ya yarda. Ban ma tambaye shi ba.

Abin da ke cikin ƙunshin harami ne, mayafan nan biyu farare marasa ɗinki da mai shiga Makka don ibada yake ɗaurawa. Inna ce ta kaɗa zaren da audugar da ta cira da hannunta, wani masaƙi a zangon Hausawa ya saƙa. Kuma ba a ɗaura harami inda aka ga dama. Akwai miƙati, iyakar da ba a wucewa sai da shi. Na masu zuwa daga kudu shi ne Yalamlam, mu kuwa za mu gifta daidai da shi a cikin ruwa, rana ta biyu. Dabarar da na ƙulla ita ce in yi shiru har mu sauka, sa'an nan in ce, af, ashe mun wuce, in yanka masa rago a Makka a gyara. A lokacin gani nake babu mai wayona tsakanin Lis da Madina.

Muka tashi bayan asuba, iskar kudu tana tura ƙyallen jirgin, injin yana taimaka mata da tari. Ni dai tun ba mu yi nisa ba na mayar wa teku duk abin da na ci tun ranar sunana. Baba ko a jikinsa. Ya zauna ya jingina da gefen jirgi, ƙunshinsa a cinya, yana kallo.

Akwai abin kallo kuwa. Gaɓar nan cike take da wasu itatuwa masu tsiro cikin ruwan gishiri, raƙuma sun shiga har gwiwa suna cin ganyen. Ƙaguwa a kan taɓo kamar an watsa tsakuwa, da inuwar jirgi ta taɓa su sai ƙasa ta haɗiye su gaba ɗaya. Kwasakwasa sun jeru a kan wani tsibirin yashi kamar dattawa a wurin ɗaurin aure. Akwai wasu tsuntsaye masu ƙafa kamar kara, launinsu kamar an jiƙa farin zane cikin ruwan zoɓo an tsame da wuri, sun dulmiya kai a ruwa suna tafiya a haka. Wata kififiya mai faɗin tabarmar salla ta ɗago kai ta dube mu, ta ga ba mu isa kallo ba, ta nutse.

"Mun zo?" in ji Baba.

"Ina, Baba?"

"Miƙati."

"Da saura, Baba. Da saura sosai. Dubi wancan shahon, kifi ya ɗauka!"

Ya dubi shahon, ya dawo ya dube ni.

Da hantsi wasu kifaye masu dogon baki suka kewaye mu, suna tsalle biyu-biyu a gaban jirgin, suna huci kamar mutum. Rayyis ya ce abu salama ke nan, ba a kama su, ganinsu alheri ne. Baba ya yi murmushi karo na farko. Ya ce da Inna tana nan da ta ce a tsaya ta ba su tsaki. Sai kuma, "Mun zo?"

Ya tambaye ni sau ɗari huɗu a ranar, in ban ƙara ba. Ƙanen Rayyis ɗaya yana tsaye a goshin jirgi yana karanta launin ruwa, domin duwatsu ne a ƙasa masu kaifi kamar wuƙata, inda ruwa ya yi kore a kauce, inda ya yi shuɗi a bi. Ɗayan yana jan kifi yana zubawa a ramin tsakiyar jirgi, yana barbaɗa gishiri. Ina kallon ramin nan yana cika, ina auna wurin da zai rage mana. Kafin rana ta faɗi muka tsaya a bayan wani tsibiri, don ba a bin wannan ruwa sai ido yana ganin ƙasa.

Washegari da rana ta ɗaga, sai na lura Baba ya daina tambayata. Na ji daɗi, wawa. Ina can ina wanke fuska, sai na ji muryarsa a bayana. Ya ja jiki da gindi har inda Rayyis yake riƙe da sitiyarin katako, ya taɓa gwiwarsa.

"Yalamlam?"

Kalma ɗaya, ba ta bukatar tafinta. Na juyo ina yi wa Rayyis alama da ido, da gira, da duk abin da Allah ya ba ni a fuska. Rayyis bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon tsohon. Ya yi istigfari a hankali, sa'an nan ya ɗaga haɓa ya nuna wani dutse can cikin ƙasa, shuɗi-shuɗi saboda nisa.

"In ya zo daidai kafaɗarka, ya Hajj." Ya dafa kafaɗarsa don ya gane.

Sai ya juyo kaina. "Ka ce ya yarda!"

"Ai kai ka nuna masa!"

"Ya tambaye ni miƙati! In yi masa ƙarya in ce wa Allah me? Kai ne maƙaryacin, aikinka ne, ka kasa!"

Na koma wurin Baba na durƙusa. Na yi masa bayanin fari, da masu sintiri, da Jidda, da rago. Na ce malamai sun ce akwai lalura. Na ƙirƙiro malamai uku nan take, har da garuruwansu. Yana saurare yana kwance ƙunshin.

"Ka gama?"

"Baba, in aka gan mu..."

"Ba ta kaɗa zaren nan don in wuce da shi a ƙunshe ba. Ɗebo mini ruwa."

Na ɗebo da guga. Ya yi wanka da ruwan gishiri cikin iskar nan mai sanyi, haƙoransa suna haɗuwa. Ya ɗaura ɗaya, ya yafa ɗaya, ya cire hular da ban taɓa ganin kansa babu ita ba, ya yi salla a zaune. Da dutsen ya zo daidai kafaɗarsa ya ɗaga murya da labbaika. Muryar ta tsufa, tana rawa. Ƙannen Rayyis suka sunkuyar da kai. Rayyis ya tofa yawu a ruwa, ya ce da ni aƙalla Baba ya zauna ƙasa-ƙasa, kada ya miƙe.

Ni kuwa farin nan ya cika mini ido. Saƙi ne mai kauri, shekara da shekaru a naɗe, rana ta faɗa masa yana ƙyalli. Gani nake mutanen Sudan ma suna hango shi daga ƙetare.

Wajen azahar muka ga tsuntsaye. Dubbai, sun taru wuri ɗaya can gabanmu suna faɗawa ruwa kamar ana jifa da su, ruwan wurin yana tafasa da ƙananan kifi. Sai wani abu kamar hayaƙi ya tashi daga tsakiya, siriri, dogo, iska ta kwashe shi.

"Battan!" in ji na goshin jirgi.

Rayyis ya karkata jirgi wajen. Haka aikinsu yake, inda battan yake kiwo nan manyan kifi suke, masunci ba ya wuce wurin. Na hango wani baƙin tudu ya taso ya nutse, da nisa, kamar bayan tukunya. Na ce, "Baba, kifin annabi!" Da na sani da na haɗiye harshena. Tsohon da ba ya iya zuwa bayan bukka ya kama igiya ya miƙe tsaye cak, fari fat, iska tana kaɗa mayafinsa kamar tuta.

"Allahu akbar," yake cewa. "Ashe da gaske ne."

Ƙafa ta bugi katako. Ɗaya, biyu, uku.

Na waiwaya. Daga wajen arewa wani jirgi mai launin toka yana tahowa, ƙarami, da sauri, ruwa yana rabewa a gabansa. Ko farin suka hango, ko tsuntsayen, har yau ban sani ba.

Na sungumi Baba na sa shi a ramin. Kifi ya cika shi, abin da ya rage bai fi kamu biyu ba. Ya kwanta a kan kifin ba musu. Ƙanen Rayyis ya jawo tabarma, ɗayan ya rungumo jiƙaƙƙen taru. Baba ya ɗaga hannu ya tare tabarmar.

"Ba a kaina ba."

"Baba!"

"Mai harami ba ya rufe kai."

"Baba, don Allah, don Annabi, minti kaɗan ne!"

"Ku rufe jikin. Ku bar kan a waje."

"Me yake cewa?" in ji Rayyis, bakinsa ko motsi ba ya yi, idonsa a kan jirgin tokar. "Yalla! Yalla!"

Na san mahaifina. Da a rufe kan nan, gara ya tashi zaune ya gaishe da askarawa. Ina jin ƙarar injinsu yanzu. Sai na tuna alhazai a Mina, a cikin tanti, kowa da haraminsa.

"Baba, tanti fa? Rumfa fa? In ba ta taɓa kai ba?"

Ya dubi tabarmar, ya dube ni.

"In ba ta taɓa ba."

Na faɗa ramin na yi rarrafe a kansa, gwiwoyina a gefen haƙarƙarinsa, tafin hannuwana a gefen kunnuwansa, cikin kifi. Na gantsare baya sama. "Ku rufe!" Tabarma ta sauka a gadon bayana da ƙeyata. Sai tarun. Ban taɓa sanin jiƙaƙƙen taru ya kai jaki nauyi ba sai ranar.

Duhu, da ɗigon haske ta hujojin tabarma. Fuskarsa tana ƙarƙashin tawa, tsakanin kansa da tabarmar bai fi yatsu huɗu ba. Leɓensa yana motsi da labbaika, ba murya, sai iskar bakinsa a haɓata. Kifi yana da santsi, hannuwana suna zamewa a hankali, ina mayar da su.

Injin ya matso, ya rage, ya mutu. Wani abu ya bugi jirginmu. Sallama, amsawa. Muryar Rayyis ta canza, ta zama ta tsoho mai fara'a da bai taɓa yin laifi ba. Aka tambayi takarda. Sai na ji jirgin ya ɗan nutsa ta gefe ɗaya, takalmi ya sauka a katako. Mutum ya shigo.

Takalmin ya taka nan, ya taka can. Na ji ƙarar takarda ana warwarewa. Uku? Uku, in ji Rayyis. Yaya kamu? Alhamdu lillahi. Daga nesa kamar mun ga wani abu fari? Rayyis ya yi dariya, ya ce buhun gishiri ne ƙanensa ya karkaɗe. Takalmin ya matso. Ya tsaya daidai kunnena. Ina ganin bakinsa ta wata huja, baƙi, an goge shi da kyau. Gumi yana bin hancina yana ɗiga a goshin Baba, ko ƙiftawa bai yi ba.

Sai duniya ta yi huci.

Ban san yadda zan kwatanta shi ba. A ce zugazugin maƙeri ne mai girman ɗaki, aka taka shi sau ɗaya. Ruwa ya zubo mana ta tabarma kamar yayyafi. Wari ya biyo baya, na ruɓaɓɓen kifi da daddawar da aka manta a tukunya tun zamanin kakanni. Ni da nake kwance cikin kifi, sai da na ji sabon wari. Mutane suka kaure da ihu, na jirginmu da na nasu, ana salati, ana ga shi nan, ga shi nan. Battan ne ya taso dab da mu, ta gefen da babu jirgin sintirin.

Askarin nan yana son ya gani da kyau. Ba laifinsa ba ne, ni ma da ni ne haka zan yi. Ya nemi wuri mai tudu, ya ga tulin taru, ya ɗora ƙafa ɗaya ya hau.

A kan allon kafaɗata.

A Mansur nakan ce ya kai bijimi biyu nauyi. Rayyis ya ce siririn mutum ne. Rayyis ba shi aka taka ba. Na ji wani abu ya yi ƙara a ƙuguna. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Shekara takwas ina sunkuye a kan wutar tsire, ashe horo ake yi wa bayan nan ban sani ba. Ya riƙe. Gwiwar hannuna ce ta fara rawa.

Igiyar ruwan da battan ya turo ta iso. Jirgin ya kwanta gefe ɗaya, hannuna na dama ya zame a kan kifi, na rufta. Tabarma ta sauka a kan Baba. Na ji ta sauka. Na yunƙura in tashi, na kasa, nauyin ya fi ƙarfina. Sai na ji tafin hannu biyu a ƙirjina, ƙasusuwa zalla, suna turo ni sama. Tsohon nan yana kwance a kan kifi yana ɗaga ni, ni da taru da askari. Na samu na kafa hannun. Muka tsaya a haka, shi yana tura ni ina tura tabarma, idonsa cikin nawa.

A wannan kwanciyar da jirgi ya yi ne na gan shi. Kaina yana karkace, akwai huja daidai idona, gefen jirgin ya yi ƙasa, sai ga wani abu kamar bangon da aka shafe da makuba, jiƙe, yana wucewa. Faɗin faifai nake gani, amma wucewa yake, yana wucewa, bai ƙare ba. Har jirgin ya dawo daidai ban ga ƙarshensa ba. To in na ce daga Safa zuwa Marwa, wa ya auna?

Jiragen biyu suka fara gwabza juna, katako yana kuka. Wata murya daga can ta daka tsawa a kwance igiya kafin a farfasa su. Askarin ya yi tsalle ya koma, ya yi sallama da kafaɗata da dunduniya. Na ji Rayyis yana cewa ku karɓi wannan, ku karɓa mana, manyan kifi biyu suka faɗa cikin jirginsu tim, tim. Dariya, godiya. Injin ya tashi.

Rayyis bai ɗaga tabarmar ba sai da ƙarar ta ɓace gaba ɗaya. Ya ce duka abin bai kai shan shayi kofi biyu ba. Ni a lissafina mun shiga ramin a Sha'aban, muka fito ana shirin Babbar Salla.

Ba fitowa na yi ba, ciro ni aka yi, a yadda nake, kamar kujera. Suka ajiye ni a gefe da rarrafena. Baba ya tashi zaune. Farin nan ya zama ja da toka, ɓawon kifi ya manne ko'ina. Ya dubi teku. Tsuntsayen sun yi nisa, hayaƙin ya tashi sau ɗaya can wajen yamma, shi ke nan.

Rayyis ya zo ya tsaya a kansa yana zazzaga Larabci, jirginsa, takardarsa, 'ya'yansa, taurin kan Takari. Baba ya ce me yake cewa. Na ce yana yi maka barka. Rayyis ya gama, ya yi huci kamar battan ɗin, sai ya sunkuya ya sumbaci kan nan da aka sha wahala dominsa, ya ce in gaya masa ya sa shi a addu'a in ya ga ɗakin. Wannan na fassara daidai.

Ina ɗauraye masa gefen mayafin da guga, a durƙushe, sai ya ce, "Ta taɓa?"

"Wace?"

"Tabarmar."

"Ko gashi ɗaya, Baba. Ai rumfar da na yi maka ko ta sarki albarka."

Ya ce, "To."

Da la'asar muka shiga Shu'aiba. Direban yana nan. Washegari da hantsi, bayan burjin da ya ƙarasa abin da askari ya fara a bayana, muka shiga Makka a tsakanin kwandunan kifi, ba wanda ya ce mana kanzil.

Na so ya huta a ɗakina tukuna. Ya ƙi. Muka shiga masallacin muna warin da ya sa mutane suka buɗe mana hanya kamar manyan baƙi. Da muka fito fili ya gan shi, baƙi, a tsaye cikin rana, sai ya tsaya. Bai yi kuka ba. Ya kama gefen mayafinsa ya damƙe a hannu, ya daɗe a haka, yana magana a hankali, ba da ni ba. Na matsa baya na bar su, shi da wadda ta kaɗa zaren.

Tun a Lis na yi niyyar in goya shi a ɗawafi. Ranar kuwa ko tsayuwa sosai ban iya ba. Shi ya zagaya da kumburarrun ƙafafunsa, taku ɗaya, hutu ɗaya, ni ina biye a dunƙule kamar mai neman kwabon da ya faɗi, hannunsa a wuyana. Wanda ya gan mu ba zai iya cewa ga mai riƙe da wani ba. Muka gama, aka yi Safa da Marwa, aka yi masa aski.

Kwana biyu bayan haka na kawo masa koko da safe, ya ce yana azumi. Washegari ma haka. Rana ta uku na ce, "Baba, watan bai kama ba fa. Wane azumi ne wannan?"

"Fansa. Na rufe kai cikin harami. Sau biyu ta taɓa."

"Sau ɗaya ne, Baba!"

Ya dube ni.

"Ashe ka sani."

Na ɗauki kokona na fita.

Ya yi azumin Ramadan a Makka, ya yi Hajjinsa, ya ƙara shekara huɗu tare da ni. Da yamma yakan zauna a benci kusa da wutata, ana ta cinikin tsire, ni kuma ina ba da labarin battan. Yana ji kifin yana girma, bai taɓa tanka mini ba. Wata rana wani Basakkwace da ya gaji da ni ya juya wurinsa ya ce, "Alhaji, kai da kake wurin, don Allah haka girmansa yake?"

Baba ya gyara zama.

"Ni daga nesa na hango shi," in ji shi. "Da ya matso kusa, abin da na gani tumbin wannan ne. Shi kam ya kai yadda yake faɗa."